Makiyayi a Ƙofar Ma'aikata: Bawan Wa Zai Zama?

Karatu: Littafin Mahukunta 17:7-13, Amos 7:10-17, Ayyukan Manzanni 18:1-4

Ɗan'uwana, 'yar'uwata cikin Almasihu, bari mu fara da ɗan lissafi. Dokar aiki ta Kamaru ta shekarar 1992 ta yanka wa ma'aikacin ofis da na masana'anta awa 40 a mako. Mai babur ɗin haya da 'yar kasuwa da direban babbar mota kuwa babu mai yanka musu awa, sai inda ƙarfinsu ya ƙare. Awa nawa mutumin nan yake yi a ɗakin sujada ran Lahadi? Biyu, ko uku idan wa'azi ya yi tsawo. Ka ga ke nan inda mai bi yake shan jaraba, inda ake zaginsa, inda ake miƙa masa cin hanci, inda gajiya take kama shi har ya fara tunanin barin gidansa, can ne fastonsa bai taɓa sa ƙafa ba.

Duba garinmu Garwa. Nan ne hedkwatar SODECOTON, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, wanda yake da injinan gurzar auduga a Garwa da Marwa da Kaele da Gider da Tuboro, da injinan matse man angurya a Garwa da Marwa. Da rani, in auduga ta shigo, ana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, samari da yawa sukan bar ƙauyukansu su zo neman kuɗi. A Lagdo, inda aka gama ginin dam a 1982, akwai masu tsaron injinan wuta dare da rana. A Figil ana yin siminti. Akwai ma'aikatan jinya a asibitin jiha, akwai sojoji a bariki, akwai malamai da ɗalibai a jami'ar da aka kafa mana a 2022. Akwai direbobin da suke ɗauko kaya daga Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, su ratsa Garwa da Marwa har Kusiri da Injamena. Cikinsu akwai 'yan'uwanmu masu bi, Mundang da Tupuri da Masa da Giziga da Mafa da Fali, da waɗanda suka zo daga kudu. Mutumin da ya yi aikin dare ran Asabar, ya koma gida da asuba, bai iya zuwa sujada ba. In ya yi wata biyu haka, sai dattawa su fara cewa ya yi sanyi. Wani lokaci har a rubuta sunansa cikin waɗanda suka ja da baya, ba tare da wani ya je ya ga inda yake yini ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙafar wa ta je wurinsa?

Wannan shi ya sa ake maganar makiyayi na wurin aiki, wato bawan Allah da ikilisiya ta keɓe domin ya riƙa ziyartar mutane a inda suke neman abinci. Abin ba baƙo ba ne gare mu gaba ɗaya. Mun saba ganin irinsa a kurkuku da bariki da asibitocin mishan. Da Faransanci ana kiransa omoniye, asalin kalmar kuwa mai raba sadaka ne. Sunan da Ingilishi yake kiransa da shi ya samo asali daga alkyabbar wani soja mai suna Martin, wanda a ƙarni na 4, a ƙofar garin Amiyan na ƙasar Faransa, ya tsaga alkyabbarsa biyu ya rufa wa wani mai bara da sanyi yake neman kashewa. Tun daga sunan ma, aikin na mai bayarwa ne.

Ubangijinmu Yesu kansa bai jira mutane a majami'a kaɗai ba. Ya sami Bitrus da Andarawas suna jefa taru, ya sami Yakubu da Yahaya suna gyaran nasu, ya sami Matiyu a zaune a wurin karɓar haraji. Manzo Bulus a Koranti ya zauna tare da Akila da Bilkisu suna ɗinkin tanti, domin sana'arsu ɗaya ce. A zamaninmu kuma, a 1944, bishop na birnin Shefil a Ingila ya aiki wani fasto mai suna Ted Wikam zuwa masana'antun ƙarfe. Mutumin yakan zauna da maƙera a lokacin hutun cin abinci, ya saurari tambayoyinsu. Daga nan irin wannan hidima ta bazu zuwa wasu biranen. A Amurka, tun 1984 wata ƙungiya da aka kafa a birnin Dalas take tura irin waɗannan makiyaya zuwa kamfanoni, kamfanonin ne kuma suke biyan kuɗin hidimar.

To, a nan babbar tambayarmu ta yau take. Idan bawan Allah ya shiga ma'aikata, ya shiga gidan wani. Akwai mai gida, akwai barori, akwai rigimar da ta riga shi zuwa. Bawan wa zai zama a can? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna mana irin taimakon da ikilisiya ya kamata ta yi masa.

Firist na haya

Karatunmu na farko labari ne mai ban tausayi. Wani saurayi Balawe ya bar Baitalami yana neman wurin zama. Ya isa gidan wani mai hali, Mika, a ƙasar tudu ta Ifraimu. Mika ya yi masa tayi: azurfa goma a shekara, da tufafi, da abinci, shi kuwa ya zama firist na gidan. Saurayin ya yarda. A gidan akwai gumaka, amma ba mu ji ya ce uffan a kansu ba. Yaya zai yi magana, alhali tuwonsa daga tukunyar Mika yake fitowa? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In ka ci gaba zuwa sura ta 18 za ka ga mutanen Dan sun zo sun yi masa tayin da ya fi, ya kwashi gumakan ya bi su da murna.

A karatu na biyu mun ga Amaziya, firist na Betel, wurin sujadar sarki. Da annabi Amos ya yi magana a kan zaluncin da ake yi wa matalauta, Amaziya ne ya kai ƙararsa gaban sarki Yerobowam, shi ne kuma ya ce masa ya koma ƙasar Yahuza ya nemi abincinsa can. Amaziya ya ɗauka kowane annabi abinci yake nema, domin shi abin da ya zaunar da shi ke nan. Amos kuwa makiyayi ne mai sana'arsa, bai ci ladan kowa a Betel ba, shi ya sa bakinsa bai mutu ba.

Ka kawo wannan labari gida. A ce wani kamfani ya ɗauki fasto, ya ba shi ofis da babur da albashi. A ce kuma a kamfanin an yi wata uku ba a biya leburori ba. Mai gida ya kira faston ya ce, je ka ka yi musu wa'azi a kan haƙuri da biyayya. Ayoyin suna nan, gaskiya ne kuma. Amma wasiƙar Yakubu sura 5 ita ma tana nan, wadda ta nuna cewa hakkin ma'aikaci da aka danne yana da murya, kukansa kuma yakan kai kunnen Ubangiji. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya matalauci ladansa a ranar, kafin faɗuwar rana. Faston da zai karanta wa leburori ayar haƙuri, ya ɓoye wa mai gida ayar hakki, ya zama ɗan'uwan Amaziya. Leburorin kuma ba yara ba ne. Ranar da suka gane cewa addu'arsa sanda ce a hannun mai gida, sun rufe masa zuciyarsu, wataƙila su rufe wa bisharar ma.

Akwai haɗari na biyu, shi kuwa daga gidanmu yake fitowa. Ikilisiya takan aiki mutum, sa'an nan a ƙarshen wata majalisa ta tambaye shi: mutum nawa ka kawo mana? Baiko ya ƙaru? Idan da wannan mudu za a auna shi, zai mai da kowace gaisuwa ta zama ƙugiya. A Garwa Kirista da Musulmi suna aiki a kan inji ɗaya, suna shan ruwa a randa ɗaya. Ma'aikaci bai zo ma'aikata don jin wa'azi ba, ba zai kuma iya tashi ya tafi ba, gama abincin 'ya'yansa yana wurin. Tsare mutum da wa'azi a inda ba shi da hanyar fita ba halin Almasihu ba ne. Tsarin mulkin ƙasarmu ya ba kowa 'yancin addininsa. Amma ko da doka ba ta faɗa ba, ƙauna ta isa ta hana mu.

Wani zai ce, ashe ke nan sai ya ɓoye bangaskiyarsa? Ko kaɗan. Kowa ya san shi bawan Yesu ne, da sunan Yesu kuma yake addu'a ga wanda ya roƙa. Wanda ya tambaye shi dalilin begensa, sai ya amsa masa sarai, da tawali'u da ladabi, kamar yadda manzo Bitrus ya koya mana a wasiƙarsa ta fari sura 3. In an yi wa ma'aikaci Musulmi rasuwa, ya je gaisuwa. In an yi masa haihuwa, ya je barka. In mutumin yana kwance a asibiti yana son ganin limaminsa, ya taimaka a kira masa shi. Mutane sukan buɗe wa irin wannan mutum ƙofa da kansu, Ruhu Mai Tsarki kuma ya san aikinsa.

Abin da yake wuyanmu

Yanzu ka ga inda taimakon ikilisiya ya shigo. Abin da makiyayin wurin aiki ya fi bukata daga gare mu shi ne 'yanci, wato ya iya faɗa wa babba da ƙarami gaskiya ba tare da tsoron yunwa ba. 'Yancin nan yana da tsada, mu ne kuma za mu biya.

Da fari, mu aike shi a fili. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu kafin su tafi, da suka dawo kuma ita suka ba labari. Kada mu bar mutum ya naɗa kansa, ya buga kati, ya riƙa yawo ofis ofis yana sayar da addu'a. A tsayar da shi gaban jama'a ran Lahadi, a ba shi takardar ikilisiya, a sa dattawa biyu ko uku da zai riƙa zama da su. Kafin ya shiga kowace ma'aikata, a nemi izinin shugabanninta, a kuma gana da wakilan ma'aikata, waɗanda doka ta tanada a duk wurin da yake da ma'aikata 20 ko fiye. Wanda ya shiga ta ƙofar mai gida kaɗai, ma'aikata za su ɗauke shi ɗan leƙen asiri.

Na biyu, mu ciyar da shi. Na san abin da ma'aji zai ce: ko faston da muke da shi ba mu gama biyansa ba, rufin ɗakin sujada yana yoyo, ina kuɗin wani? Maganar tana da nauyi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A arewacin Kamaru muna da Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Lutaran mai hedkwata a nan Garwa, da Ikilisiyar Lutaran ta Bishara mai hedkwata a Ngaundere, da Tarayyar Ikilisiyoyin Bishara mai hedkwata a Marwa, da Baftis, da Katolika, da sauransu. 'Ya'yansu duka suna aiki a wuri ɗaya. Me zai hana ikilisiyoyi huɗu ko biyar na unguwa ɗaya su haɗa kuɗin man babur da na waya da ɗan abin sa wa a baka domin mutum ɗaya? Ikilisiyar Filibi ba ta masu arziki ba ce, duk da haka ta aika wa Bulus taimako sau da yawa, har ta tura masa Abafaroditas a kurkuku. Idan kuma kamfani ya ce zai taimaka, ba zunubi ba ne a karɓa, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa. Sai dai kuɗin ya bi ta hannun ikilisiya, a kuma rubuta a takarda cewa kamfanin ba zai tambaye shi sirrin kowa ba, ba zai kuma zaɓa masa abin da zai faɗa ba. In sun ƙi wannan sharaɗi, a bar musu kuɗinsu.

Ba lalle sai fasto mai abin wuya ba. A cikin jama'armu akwai ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, akwai tsohon soja, akwai tsohon direba da ya san kowace tasha daga Ngaundere zuwa Kusiri, akwai uwa cikin zumuntar mata wadda duk 'yan kasuwa suke kawo mata kukansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin waɗannan sun san harshen aikin, sun san Fulatanci da Faransanci da yaren gida. Abin da ya rage shi ne a koya musu sauraro, da ta'azantar da wanda aka yi wa rasuwa, da sanin lokacin da za su ce, wannan ya fi ƙarfina, mu je wurin likita. Makarantunmu na Littafi Mai Tsarki, irin na Kaele da Maiganga, wurare ne da ya dace a koyar da wannan.

Na uku, mu tsare amanarsa. Wannan ya fi kuɗi wuya. A ce wani direba ya zo wurinsa da hawaye ya ce yana zuƙe man mota yana sayarwa a hanya. Washegari shugaban ma'aikata ya kira shi ya ce, mai yana ɓacewa, kai da kake jin maganarsu, wane ne? Mutumin Allah ba zai yi ƙarya ya ce bai san kome ba, ba zai kuma ba da sunan ba. Zai ce, ranka ya daɗe, tun farko mun yi da kai cewa abin da aka faɗa mini amana ne. Sa'an nan ya koma wurin direban, ya tsaya a kansa har ya daina, ya kuma mayar da abin da ya ci, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi. Amanar nan tana da iyaka guda: ran mutum. Idan direban ya sha burkutu ko ƙwayar taramol, ga shi zai ɗauki fasinja, ko wani ya ce zai kashe kansa, ko ana cutar da yarinya, to ba a yin shiru. Sai a faɗa wa kowa wannan iyaka tun ranar farko, don kada wani ya ce an yaudare shi.

Ku dattawa, maganar ta shafe ku. Idan makiyayin ya zo ba da rahoto, kada ku ce ya faɗa muku wace ce ta yi ciki, wane ne yake shaye-shaye, domin ku sa su a horo. Ranar da maganar ma'aikata ta fito daga bakin matar dattijo a bakin rijiya, aikin ya mutu. Ku tambaye shi dai: ina ka je, wane irin nauyi mutane suke ɗauke da shi, me za mu yi addu'a a kai, kai kuma yaya ranka? Gama wanda yake jin kukan mutane kullum, shi ma yana bukatar wurin da zai yi nasa. Ka tuna da sojojin da suka dawo daga Kolofata da Fotokol tun da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka a 2014, da ma'aikatan jinyar da suka karɓi waɗanda bam ya raunata a Marwa a watan Yuli na 2015. Wanda zai zauna ya saurari irin abin da idanunsu suka gani, kada a bar shi shi kaɗai.

Na huɗu, mu tsaya a bayansa ranar da gaskiya ta jawo masa tsiya. Shi ba shugaban ƙungiyar ƙwadago ba ne, ba sufeton aiki ba ne, kada ya ƙwace musu aikinsu. Amma akwai ranar da zai shiga ofishin mai gida, ya rufe ƙofa, ya yi masa magana kamar yadda annabi Natan ya yi wa sarki Dawuda, a asirce, da hikima, ba tare da cin mutunci ba. Mai gida ma rai ne da Almasihu ya mutu dominsa, sau da yawa kuma ba shi da mai faɗa masa gaskiya. Wani zai ji ya gyara. Wani zai kore shi. To, idan mai gidan nan shi ne ya saya wa ikilisiyarku kwanon rufi, a bayan wa za ku tsaya? Ku amsa wannan tambaya tun kafin ku aiki kowa.

Mu fara da gida

Akwai ma'aikata ɗaya da ba ma bukatar izinin kowa kafin mu shiga, ita ce tamu. Ikilisiya tana da malaman makaranta, da ma'aikatan ɗakin magani, da mai gadi, da mai shara. Ana biyansu a kan kari? Kai mai bi da kake da shago, ko gareji, ko gonar auduga, yaya yaranka suke kiran sunanka in ba ka nan? Ke uwargida, yarinyar da take miki aiki, yaushe rabon da ki bar ta ta huta, ko ki tambaye ta lafiyar iyayenta? Bo'aza yakan je gona ya gaisa da masu girbinsa da sunan Ubangiji, su ma su sa masa albarka, ya kuma kafa doka kada wani ya taɓa baƙuwar da take kala. Ikilisiyar da take riƙe hakkin mai gadinta ba ta da bakin aika wani ya yi wa kamfani faɗa.

Kai kuma da kake karanta wannan a lokacin hutu, ko kake sauraronmu a cikin mota a bakin gadar Binuwai, kada ka jira sai an naɗa wani. A wurin aikinka akwai wanda kwana uku ke nan bai yi dariya ba. Ka san shi. Gobe in Allah ya kai mu, ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi gida, ka yi shiru ka ji. Ran Lahadi kuma ka sami fastonka da dattawa, ka gayyace su su zo su ga inda kake yini.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da ka ba Adamu aikin gona tun kafin zunubi ya shigo, muna kawo maka dukan masu aiki a Garwa da arewacin ƙasarmu, na rana da na dare, na ofis da na hanya da na kasuwa. Ka tashe mana bayi masu riƙon amana, waɗanda kuɗi ba zai rufe musu baki ba. Ka ba ikilisiyarka zuciyar aikensu, da hannun ciyar da su, da ƙarfin halin tsayawa tare da su. Ka sa masu gida su yi adalci, barori kuma su yi aminci. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.